'Yata Ta Duƙufa Kan Littattafan Zombi: In Ƙona Su Ko In Ƙyale Ta?

Assalamu alaikum, Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, ina zaune a Kaduna, kuma damuwata a kan babbar 'yata ce mai shekara 16, wadda take aji biyar na sakandare. Yarinya ce mai natsuwa, ba ta yawo, ba ta wasa da salla, kuma malamanta na boko da na Islamiyya ba su taɓa kawo mini ƙararta ba. Sai dai tun bayan rasuwar mahaifinta, shekara biyu ke nan, ta duƙufa a kan wasu littattafan Turanci na matasa, wasu tana arowa a wajen ƙawarta, wasu tana saukewa a waya. Da farko na yi murna. Ranar da nake gyaran ɗakinsu na ɗaga katifa, sai na ga ɗaya daga ciki, bangonsa ɗauke da hoton ruɓaɓɓiyar fuskar mutum. Da na tambaye ta sai ta ce labarin zombi ne, wato matattun da ke tashi suna yawo suna cin naman masu rai. Na ce wannan wane irin karatu ne ga 'yar Musulmi, sai ta yi dariya ta ce, "Umma, ai ƙirƙira ce, kuma ba gawar ake bi ba, yaran ake bi." Baffanta ya ce in tattara su in ƙona, in karɓe wayar, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sau biyu ina samun ta tana karatu da hasken waya bayan ƙarfe ɗayan dare. Ƙanenta mai shekara 9 ya leƙa wani fim ɗin irinsu a wayarta, ya yi kwana uku yana firgita cikin barci. Ina tsoron kada abin ya taɓa mata imani ko ƙwaƙwalwa, ina kuma tsoron in matsa mata ta ƙara yin nisa da ni, domin tun rasuwar babanta ba ta cika magana ba. Yaya zan yi?

Daga wata uwa a Kaduna

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigidanki, ya kai haske kabarinsa, ya kuma dafa miki wajen riƙon marayun da ya bari. Tun da amsa kika nema, bari in fara da ita ba tare da kwana-kwana ba: kada ki ƙona littattafan, kuma kada ki karɓe wayar a kan wannan dalili. Akwai abubuwa biyu a wasiƙarki da ke buƙatar gyara tun daga wannan mako, wato karatun tsakar dare da abin da ya sami ƙanenta, sannan akwai na uku da kika taɓo a gurguje can ƙarshe, alhali a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne shirun da yarinyar ta yi tun bayan rasuwar mahaifinta. Zan zo kansu, amma sai mun fara cire firgicin da hoton bangon nan ya jefa miki, domin wanda ya razana ba ya iya auna abu daidai.

Baffanta ba mugunta ce ta sa shi faɗin abin da ya faɗa ba. Mutum ne da yake jin amanar ɗan'uwansa a wuyansa, kuma ya cancanci ki girmama damuwarsa. Sai dai iccen da yake maganar tanƙwarawa ya kai shekara 16, kuma wanda ya kai haka in aka danne shi da ƙarfi, ko dai ya karye ko ya fizge ya doki fuskar mai dannewar. Ban da wannan, littafin na aro ne, in kika ƙona shi kin jefa 'yarki cikin kunya da biyan abin da ba ita ta ɓata ba, na cikin waya kuwa ko kin goge, minti biyu sun ishe ta ta sake samun sa a wayar wata. Iyakar abin da za ki ci riba da shi shi ne ta ƙware wajen ɓoye miki al'amuranta. Ki lura da inda kika tsinci littafin: ƙarƙashin katifa. Ke nan tun kafin ki buɗe baki ta riga ta yanke a ranta cewa ba za ki fahimta ba, kuma wutar da za ki hura a tsakar gida za ta tabbatar mata da cewa ta yi gaskiya.

Ya kamata ki san asalin wannan dodo, domin shi ma yana da tarihi kamar kowane abu da ɗan'adam ya ƙaga. Kalmar zombi daga ƙasar Haiti ta shiga duniya, kuma masana harshe da dama suna danganta ta da harsunan yankin Kongo da Angola, inda kalmomi irin su nzambi da nzumbi suke nufin abin bauta ko kurwar mamaci. Haiti kuwa ƙasa ce da Faransawa suka cika da bayin da suka kwaso daga Afirka domin noman rake, cikin azabar da ta sa bayin suka yi tawaye a 1791 har suka ƙwaci 'yancinsu a 1804. A camfin mutanen can, zombi mutum ne da wani boka ya kashe ko ya sumar, ya tono shi bayan an binne, ya raba shi da hankalinsa, sannan ya sa shi aikin gona dare da rana ba lada. Ba ya cizo, ba ya cin kowa, abin tausayi ne kawai, har ana cewa in ya ɗanɗani gishiri hankalinsa zai dawo. In kika yi tunanin bawan da yake ganin kabari ne kaɗai wurin hutunsa, za ki gane dalilin da ya sa babban abin da ke ba shi tsoro shi ne a biyo shi har can a sake sa shi bauta. Mu da muka taso muna jin hirar mayu da kamun kurwa, wannan camfi ba zai zame mana baƙo ba.

Sojojin Amurka sun mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, kuma a wannan tsakani ne marubutansu da masu fim suka ɗauki labarin suka kai gida. Amma gawa mai cin naman mutane, irin wadda kika gani a bangon nan, sai a 1968 ta bayyana, a wani fim mai ƙaramin jari da George Romero ya ɗauka a kewayen birnin Pittsburgh mai suna Night of the Living Dead. A cikin fim ɗin ma ba a kira su zombi ba, an kira su ne da wata kalmar Turanci da aka aro daga "gul" ta Larabci, aljanin nan na tatsuniyoyin Larabawa da ake cewa yana zama a jeji da maƙabarta. Marubutan da suka biyo baya suka cire boka suka sa ƙwayar cuta a gurbinsa, suka mai da abin annoba mai yaɗuwa ta hanyar cizo, kusan kwatankwacin ciwon da ake ɗauka daga cizon mahaukacin kare. Saboda haka dodon da ya tayar miki da hankali, Najeriya mai cin gashin kanta ta girme shi da shekara takwas, kuma an san wanda ya ƙaga shi da inda aka ƙaga shi.

Wannan ya kawo mu batun imani. Alƙur'ani ya yanke magana a Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, inda wanda mutuwa ta zo masa yake roƙon a mai da shi duniya, aka ce masa a'a, kuma akwai barzahu a gabansu har ranar da za a tashe su. Yarinyar da ke zuwa Islamiyya har malamanta suna yaba ta ta san wannan sarai. Labari yana zama barazana ga aƙida ne idan mai karatu ya fara gaskata shi, ita kuwa kalmar farko da ta fito daga bakinta ita ce "ƙirƙira ce", har da dariyarta. Mu ma mun tashi da Gizo mai magana da Dodo mai haɗiye mutane, ba kuma wanda ya bar salla saboda su. Ba na ɓoye miki cewa malamai sun yi saɓani a kan karanta ƙagaggun labarai gaba ɗaya, kuma in zuciyarki ba ta kwanta ba ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa, sai dai ki kai masa bayanin abin da ke cikin littafin, kada ki kai masa hoton bango kaɗai. Inda nake ganin ya dace ki sa ido ta fuskar addini wani wuri ne dabam: wasu marubutan wannan fanni suna son su nuna masu riƙo da addini a matsayin azzaluman da ke juya jama'a da tsoro bayan duniya ta rushe. Wannan ra'ayi ne da ya fito daga tarihin ƙasashensu, kuma maganinsa shi ne a tattauna shi da yarinyar a fili, abin da ba zai yiwu ba in littafin ya koma ƙarƙashin katifa.

Za ki ce to me zai sa mutum mai hankali ya nemi abin da zai tsorata shi da kansa? Ina tuna kakarmu a tsakar gida bayan sallar isha, an kashe fitila don tattalin kananzir, ta sauke murya ƙasa tana kwaikwayon Dodo yana kiran yarinyar da ta ƙi jin magana ta tafi rafi ita kaɗai. Mu kuwa mun cukwikwiye juna a kan tabarma, kowa ya naɗe ƙafafunsa kada wani abu ya ja su daga duhu, amma da zarar ta ce ƙurunƙus sai mu haɗa baki mu ce a ƙara. Tsoron da mutum ya san iyakarsa, wanda zai iya rufe shi ya tashi ya sha ruwa, yana da wani daɗi na daban, domin zuciya tana gwada ƙarfinta ne a inda babu abin da zai same ta. A jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmark har sashe aka ware da ke nazarin wannan tsoro na nishaɗi, kuma wani bincike da aka yi a 2020 a kan mutum kusan 300 ya nuna cewa masu sha'awar finafinan ban tsoro sun ba da rahoton ƙarancin damuwa a lokacin korona. Binciken ƙarami ne, a kan manya aka yi shi, kuma bai tabbatar da cewa finafinan ne suka jawo hakan ba, don haka ba na kafa shi hujja. Na kawo shi ne kawai don ki san cewa wannan sha'awa ba alamar taɓin hankali ba ce. Kai, a watan Mayun 2011 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da kanta ta yi amfani da raha a kan annobar zombi wajen koya wa jama'a tanadin ruwa da abinci da magani da tocila kafin bala'i ya zo, kuma mutane suka yi tururuwar karantawa fiye da yadda suka saba karanta sanarwarta.

Ki tuna kuma da zamanin da 'yarki ta taso. Tana ƙarama ta ga an rufe makarantu a 2020, an kulle Kaduna, tituna sun yi tsit, manya suna magana ƙasa-ƙasa a kan cutar da ake ɗauka daga wanda aka fi kusa da shi. Ta kuma girma tana jin labarin ƙauyukan da aka tasa cikin dare. Labarin garin da aka kewaye da shinge saboda abin da ke waje bai yi mata nisa kamar yadda kike zato ba.

Yanzu ga maganarta da na fi so ki riƙe: "ba gawar ake bi ba, yaran ake bi." Gaskiya ta faɗa, kuma ta faɗe ta kamar wadda ta san abin da take karantawa. Littattafan da masu ɗab'i a Amurka da Ingila suke sa wa alamar YA an rubuta su ne domin 'yan shekara 12 zuwa 18, kuma a cikin yawancin na zombi gawarwakin ba su da magana, ba su da dabara, ba su da wani hali da za a bibiya. Aikinsu kawai su rushe duniyar da manya suka gina, su bar yara da tambayar yadda za a rayu. Wa za a amince wa? Wa zai shugabanta? In abinci bai isa ba, wa za a fara ba? In abokinka ya ɓoye cewa an cije shi, kai kuma ka gani, yaya za ka yi? A jerin littattafai bakwai da Charlie Higson ya fara da The Enemy a 2009, cutar manya kaɗai take kamawa, sai ga yaran birnin Landan sun fake a wani babban kanti suna rabon aiki, masu fita neman abinci dabam, masu gadi dabam, masu kula da ƙanana dabam, dodannin da ke farautarsu kuwa su ne waɗanda a da suke kira iyaye. Mukan ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to waɗannan littattafai suna tambayar abin da yaro zai yi ranar da ya waiwaya bai ga babban ba.

Akwai guda ɗaya da na karanta da kaina har ya hana ni barci, ba don tsoro ba, kuma zan ɗan tsaya a kansa saboda ya shafi gidanki. Sunansa Rot & Ruin, na Jonathan Maberry, ya fito a 2010. Yaro ne maraya mai shekara 15, a garin da doka ta ce duk wanda ya kai wannan shekaru sai ya sami sana'a ko a rage masa rabon abinci. Ya gwada ayyuka duk ya kasa, sai dole ta sa ya bi yayansa, wanda ya raina yake kuma ɗauka matsoraci ne, zuwa sana'ar farautar zombi a bayan shinge. A can ya ga wasu mafarauta suna wasa da gawarwakin, suna sassara su don nishaɗi. Sannan ya ga yadda yayan nasa yake nasa aikin: iyalai ne suke ɗaukarsa ya nemo musu nasu da ya rikiɗe, in ya same shi sai ya zaunar da shi, ya ɗaure shi a hankali, ya buɗe wasiƙar bankwana da iyalin suka rubuto ya karanta masa ita daga farko har ƙarshe, ko da yake ya san ba ya ji, sannan ya kawo ƙarshen wahalarsa cikin natsuwa. Darasin da yaron ya ɗauka shi ne cewa kowace gawa a cikin waɗannan mahaifin wani ce ko ɗan wani, kuma tana da haƙƙin a mutunta ta. Da na kai wurin sai na tuna hadisin da aka ruwaito daga Nana A'isha cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. A ƙarshen littafin, wa da ƙanen sun koma gidan da iyayensu suke, domin su yi musu irin wannan sallama.

Ba na cewa lalle wannan ne littafin da ke hannun 'yarki, kuma ba na son in ɗora mata fassarar da ƙila ba tata ba, domin mai yiwuwa daɗin labari kawai take ji, kamar dubban 'yan'uwanta da iyayensu ke raye. Amma ke da kanki kika haɗa farkon karatun da rasuwar mahaifinta. Yarinyar da ta rasa uba tana da shekara 14, wadda a ranakun zaman makoki kowa ya ce mata ta yi haƙuri ta zama babba ta kula da ƙannenta, sannan bayan sadakar arba'in aka daina ambaton abin, ba abin mamaki ba ne in ta sami sauƙi a labaran da kusan kowane yaro a cikinsu ya rasa wani, kuma ana barinsa ya yi kuka, ya yi fushi, ya faɗi abin da bai samu ya faɗa wa mamacin ba. In haka ne, to littattafan su ne wurin da take kai abin da ke cin ta, kuma ƙona su daidai yake da toshe mata ƙofar da ta rage ba tare da an buɗe mata wata ba.

Duk da haka ba kowane littafi mai zombi ne zan miƙa wa 'yar shekara 16 ido rufe ba. Ko a cikin na matasan akwai masu nauyi. This Is Not a Test na Courtney Summers, wanda ya fito a 2012, labarin ɗalibai shida ne da suka kulle kansu a makaranta, amma yarinyar da ke ba da labarin ta fito ne daga gidan uba mai duka, kuma tun daga shafukan farko tana tunanin kashe kanta. Littafi ne da aka rubuta da gwaninta, sai dai ga yarinyar da ke cikin jimami na fi son ya kasance akwai babba a kusa da ya san tana karanta shi. Da yawansu kuma suna ɗauke da soyayya irin ta al'adar masu rubuta su, da sumba da keɓewa, wanda ke kika san iyakar gidanki a kai. Waɗanda aka rubuta domin manya sun fi zubar da jini da batsa nesa ba kusa ba, haka ma labaran da kowa ke iya rubutawa ya ɗora a manhajoji irin su Wattpad, inda babu editan da ya tace su kafin su iso gare ta. Saboda haka tambayar da za ki riƙa yi ita ce sunan littafi da sunan marubuci da shekarun waɗanda aka rubuta dominsu, kuma bincike kaɗan a intanet zai ba ki wannan.

Fim kuwa hukuncinsa dabam ne. Mai karatu shi ke zana hoton a ransa gwargwadon abin da zai iya ɗauka, in ya ga abin ya yi masa yawa ya tsallake sakin layi, mai kallo kuwa an riga an zana masa, an haɗa da sauti, an kuma watsa masa a ido ba shiri. Abin da ya sami ƙanenta ke nan, kuma a nan ba na goyon bayanta ko kaɗan. Ki gaya mata kai tsaye cewa wannan sakaci ne, ta sa wa wayar makulli, kada ta sake kallon irin wannan a inda ƙannenta suke, sannan ita da kanta ta zaunar da yaron da rana tsaka ta bayyana masa cewa mutane ne aka shafa wa kwalliya da jan ruwa, in an gama ɗauka su wanke fuska su tafi gida. Daga bakinta zai fi yarda, ita kuma za ta ɗanɗani nauyin zama babbar ya.

Karatun ƙarfe ɗayan dare shi ma ba za a lamunta ba, ko da littafin lissafi take karantawa. Likitocin barci suna cewa mai shekarunta yana buƙatar awa takwas zuwa goma, ita kuwa ga sallar asuba, ga makaranta, ga jarrabawar WAEC da JAMB suna tafe. Marubutan waɗannan littattafai gwanaye ne wajen yanke babi a daidai inda hannu ya kama ƙofa, don haka kada ki dogara da alkawarin "saura shafi ɗaya". Ki kafa doka ga gidan gaba ɗaya, har da ke, cewa daga ƙarfe goma duk wayoyi a ɗakinki suke kwana suna caji. In dokar ta hau kan kowa ba za ta ji an ware ta ba, kuma ki bayyana mata cewa barcinta kike karewa, littafinta yana nan yana jiran ta da rana.

Sai babban aikin, wanda ba ya buƙatar kuɗi. Ki nemi ta ba ki labarin. Ba sai kin karanta Turancin ba in ba ki da lokaci ko sha'awa, wata rana kuna kicin tana yanka miki albasa, ki ce mata, "Wai yaran nan naki na cikin littafi, yaya suka ƙare?" Ki bar ta ta zuba da Hausa, kada ki yamutsa fuska in ta zo wurin jini, kada kuma ki mai da hirar wa'azi. Ki tambaye ta wanda ta fi so a cikinsu da dalili, da wanda ya mutu har ta ji zafi, da abin da za ta yi in ita ce a wurin. Amsoshin za su nuna miki inda zuciyarta take fiye da duk binciken da za ki yi a wayarta. Yarinyar da take magana a kan jaruntaka da amana da tausayin waɗanda aka rasa tana karatu lafiya. Ranar da hirar ta zo kan wani uba da ya mutu a labarin, kada ki yi saurin sauya zance. Ki ce mata ke ma kina kewar babanta, ki ba ta labarin wani abu nasa da ba ta sani ba, ko da na dariya ne. Ƙila ta yi shiru a karon farko, ƙila ma a na biyu, kada hakan ya karya miki gwiwa.

Akwai alamomin da in kika gan su maganar ta wuce ta littafi. In ta fara ƙin abinci, ko sakamakonta na makaranta ya faɗi, ko ta yanke hulɗa da ƙawayenta, ko tana yawan firgita cikin barci, ko ta daina jin daɗin abubuwan da ta saba so har tsawon makonni, to ki kai ta ta ga likita. In kuwa ta taɓa furta cewa gara ta mutu, ko ta bi babanta, ko kika ga alamar tana ji wa kanta ciwo, kada ki jira gobe. A nan Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, kuma zuwa can neman shawara ba abin kunya ba ne. A cikin wasiƙarki ban ga ko ɗaya daga waɗannan ba, abin da na gani shi ne yarinya mai salla da karatu da ƙawar da suke musayar littattafai.

Baffanta kuma kada ki ce masa kin ƙi shawararsa. Ki je ki gaishe shi, ki gode masa, ki shaida masa cewa kin ɗauki mataki: waya ba ta kwana a hannunta, an hana kallon fim a gaban yara, kuma kowane littafi sai kin san sunansa kafin ya shigo gida. Ki nemi ya ba ki wata uku ku gani. In da hali ma ki roƙe shi ya riƙa kiranta lokaci-lokaci yana ba ta labarin ƙuruciyar mahaifinta, domin shi ne ya san wannan ɓangare da ke ba ki sani ba. Littafin da kika ɗauko daga ƙarƙashin katifa kuwa, ki mayar mata da shi da hannunki, ki ce ta ajiye shi a kan teburin karatunta tare da sauran, ta dai kifa bangon saboda ƙanenta.